Ranar da Aka Hana Ni Zuwa Dubiya

Ranakun aiki da yawa sun wuce kamar ba a yi su ba, amma wata Litinin ta cikin daminar bara waccan ta ƙi fita daga raina. Ranar ce na sayi lemo da kankana zan tafi dubiya, aka ce in ajiye gyalena in zauna. Tun da nake ban taɓa jin an hana mutum gaida mara lafiya ba sai ranar. Ku da kuka zo aikin nan a bayanmu, musamman masu zama a teburin kati, ina so ku ji yadda aka yi.

Sunana Asabe, a wurin aiki Iya Asabe. Atenda ce ni a sashen ido na wani asibiti a nan cikin Bauchi. Ga wanda bai san tsarin ba, likita ne a sama, shi ke duba ido ya rubuta magani. Sai sista, wato nas, ita ke auna gani da allon nan mai haruffa, ta ɗiga magani, ta ba da ranar dawowa. Mu atenda mu ne a ƙasa. Mu karɓi kati, mu jera, mu kira suna, mu riƙe hannun tsoho mu kai shi kujera, mu goge wuri. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ba mai yawo ba ce, daga gidana a Fadaman Mada sai asibiti, daga asibiti sai gida. Amma Allah ya ba ni baki, ya kuma ba ni kunne. In mutum ya amsa kirana sau ɗaya, ko bayan shekara ya dawo zan gane shi kafin in ɗaga kai.

Ranar Laraba ake ganin masu ciwon ido na tayirod. Ga yadda Sista Rifkatu, shugabar sashenmu, ta bayyana mini shi. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Wani lokaci jiki sai ya rikice ya koma faɗa da kansa, ya taɓa tsokar nan, ya kuma taɓa naman da ke bayan ido. Naman sai ya kumbura ya turo idon waje. Sai ka ga idanun mutum sun firfito, sun yi ja, suna hawaye, fatar ido ta ja baya kamar kullum a razane yake, ko kuma yana zare maka ido. Wani yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Wani ko barci yake idon ba ya rufuwa duka. Ba a ɗauka daga jikin wani, ba kuma aikin aljanu ba ne, duk da an sha gaya musu haka.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne bencin Laraba. Ku kun san ranar Talata, ranar tsofaffi masu yanar ido da 'yan rakiyarsu. Wurin nan kasuwa yake zama. A tambayi juna gari, a gano ashe an haɗa dangi, a raba goro. Amma Laraba shiru kake ji. Kowa da baƙin tabarau, maza sun danno hula har gira, mata sun jawo hijabi gaba, kowa yana kallon ƙafarsa. In na kira suna, wani ma ba zai amsa ba, hannu kawai zai ɗaga. Ni da ba na iya zama kusa da mutum ban tsokane shi ba, na yi iya yina na gaji. Har na yanke cewa ciwon ne yake kashe wa mutum son magana.

Wata rana Sista ta kira ni ofis ta ce akwai wani guruf da marasa lafiyar nan suka buɗe a waya. Wadda ta buɗe shi ana ce mata Maman Cidi, Inyamura ce mai sayar da kwanuka da tukwane a kasuwar Muda Lawal, ta daɗe a garin nan, ita ma ciwon take fama da shi. Suna son wani daga sashenmu ya riƙa sanar da su in likita ba zai zo ba ko an ɗaga rana, don kada mai zuwa daga nesa ya yi wahalar banza. Kuma da saƙon murya suke so, domin karanta ƙananan rubutu yana wahalar da idonsu.

"Na duba duk sashen nan," in ji Sista, "ban ga wanda ba ya gajiya da magana kamar ki ba."

Na ce, "Sista, yabo ne ko zagi?"

Ta ce, "Aiki ne. Amma ki ji. Ba ki ba kowa shawarar magani. Duk tambayar da ta shafi ciwo ki kawo mini. Kuma ba a kiran sunan gaskiya na kowa a ciki, ko da kin gane shi."

Ranar da aka saka ni, ina tsinke alayyafo a tsakar gida na kunna saƙon farko, sai da na ajiye tiren. Hayaniya! Dariya, tsokana, gardama. Mutanen nan da na ɗauka ba su da baki, ashe a waya suke ajiye shi. Kowa da sunan da ya raɗa wa kansa. Akwai Uwar Biyu, wata matar aure daga cikin gari mai dariya kamar ana kaɗa ƙwarya. Akwai Baba Soja, wanda likita ya ce taba tana ƙara wa ciwon wuta, don haka kullum da safe sai ya kawo rahoto kamar a fareti: "Jama'a, jiya ban sha ba. Na dai shinshina ta wani." Ni kuma kafin kwana biyu sun sa mini Iyan Asibiti.

Na koyi abubuwa a nan da ban taɓa ji a ɗakin likita ba. Yadda ake ƙara matashi a ɗaga kai don kumburi ya ragu da safe. Irin tabaran da ke tare iska in za a hau acaɓa. Da kuma abin da ya fi yawa, yadda ake amsa wa mutane. Uwar Biyu ta ce maƙwabciyarta ta tare ta a bakin famfo ta ce, "Me na yi miki kike zare mini ido?" Ita kuma ta ce mata, "Ba ke kaɗai ba ce, ko tuwo haka nake kallonsa." Ta ce wata ta ba ta shawarar ta riƙa sa niƙabi. "Na ce baiwar Allah, niƙabi ai komai yake rufewa ya bar ido. Ni wanda zai rufe ido ya bar sauran nake nema."

Maman Cidi ce mai doka, kuma dokokinta ba su da yawa. Ba a tura hoto. Ba a kiran bidiyo. Ba a tallar magani, na Turawa ne ko na gargajiya. Ba a tambayar mutum ina ne gidansa. Ta magani na gane ta. Sauran kuwa sun tsaya mini a rai. Wane irin zumunci ne babu ziyara? Mutanen da suka san sirrin juna haka, a ce ko a hanya suka haɗu ba za su gane juna ba? Ni kam na riga na haɗa kowace murya da fuskarta da katinta, na kama bakina kamar yadda Sista ta ce. Amma su ba su san juna ba, don ranakun dawowarsu sun bambanta, in ma sun haɗu ba mai ɗaga kai. Da Salla ta matso na kasa haƙuri, na ce, "Jama'a, me zai hana mu haɗu mu ga juna, ko anko ne mu yi?" Sai Maman Cidi ta turo, da irin Hausarta ta kasuwa wadda mace da namiji duk "ka" ne: "Iyan Asibiti, ka bar wannan magana. Ka ci nama naka." Na bari, amma ban gane ba.

To, mu zo kan Litinin ɗin. Da hantsi, na samu sarari na zauna a bayan teburin kati na kunna waya. Sai ga saƙo daga wani da ake kira Mai Keke. Ya daɗe a gurufin, bai taɓa cewa uffan ba. Ana jin ƙarar keken ɗinki a bayansa, sai ta tsaya, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, kada ku yi mini dariya. Wata mata ta kawo mini ɗinki ta ce in yi mata aiki da jan zare. Na gama, ta zo ta ce wannan ai ruwan ƙasa ne. Muka yi ta musu. Da ta tafi na rufe idon dama na duba, sai na ga jan ma na gaske ya koɗe, kamar tsohon zane da ya sha wanki. In na rufe na hagu kuma ja yana nan ja. Shin akwai wanda ya taɓa ganin haka, ko tsufa ne ya zo mini da wuri?"

Na yi tsammanin za su fara tsokanarsa. Sai ga muryar Maman Cidi, babu wasa a cikinta ko kaɗan. "Mai Keke, ka ajiye wannan keke. Ka tafi asibiti yau, ba Laraba ba. Ni haka ya fara mini. Na ce bari in gama kasuwan Kirsimeti tukuna. Yanzu wannan ido na hagu, in ka tsaya gabana, inuwa kawai ina gani. Ka tashi."

Sai ya amsa. "Na gode, Madam. Amma ni na gama da bencin nan. Zuwana na ƙarshe an sa na cire tabarau za a ɗiga mini magani, wata mata ta kalle ni ta yi a'uziyya ta canza wuri. A shago na juya keke na fuskanci bango, ina samun lafiya. Allah zai kawo sauƙi." Daga nan keken ya ci gaba da ƙara, saƙon ya yanke.

Tun daga sallamarsa na gane shi. Malam Habu ne, tela a Ƙofar Dumi, mutum mai sanyin murya wanda in na kira sunansa ba ya cewa na'am, sai ya ce labbaika. Rabon da in gan shi an daɗe. Na tashi na samu Sista na kunna mata. Ta sa na ciro katinsa, ta shiga da shi da wayata wajen likita. Da ta fito na ga fuskarta ta canza.

"Likita ya ce mai yiwuwa kumburin ya fara danne jijiyar gani. Shi ya sa launi ke koɗewa. In aka kama shi da wuri ana iya ceto idon. In aka bari, ganin zai tafi, kuma ba ya dawowa. Yana so ya gan shi yau, in ya gagara gobe da safe."

Mutumin da abincinsa ke cikin kafar allura. Sista ta kira lambar da ke katin, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake, haka. Ta sa na tura saƙo a gurufin cewa duk wanda ya ga launi ya koɗe masa ya zo kai tsaye, ba sai ya bi layi ba. In ka danna saƙon da ka tura, waya tana nuna maka waɗanda suka saurara. Na duba, ya saurara. Bai amsa ba.

Na ce, "Sista, ai abin mai sauƙi ne. Ƙofar Dumi ba wani nisa. In na shiga lungun teloli na tambaya, za a nuna mini shi. In je in gaishe shi, in zauna in lallashe shi."

Ta ce, "Ƙa'idar aiki ba ta ba mu damar bin mara lafiya gida ba sai da yardarsa. Amma in an tashi, ƙafarki taki ce." Ta faɗi haka tana kallon katin, na san ita ma hankalinta ba a kwance yake ba.

Ana tashi na tsaya a bakin get na sayi lemo da kankana, don ba a zuwa dubiya hannu biyu. Sai na ga ai ya kamata in tafi da Maman Cidi, tunda maganarta ce ya amsa. Na kira ta ita kaɗai, na ce na san mutumin, na san unguwarsa, ta rufe shago mu je.

"Iya, kana ina yanzu?"

"Bakin get, ina neman acaɓa."

"Kada ka hau. Wallahi kada ka hau." Kirista ce, amma in magana ta yi zafi da wallahi take rantsuwa kamar kowa a kasuwa. "In ka je can, me za ka tambaya? Ina tela mai ciwon ido, ko ba haka ba? Kafin ka kai shago duk layi ya fito yana kallo. Kuma shi zai gane murya da ya sa a waya ne ya kawo mutum ƙofa nasa. Gobe zai fita a guruf. Ba shi kaɗai ba, duka za su fita, kuma wani da ido nasa ya lalace ba zai sake faɗa ba."

Na ce, "Haba Maman Cidi, gaisuwa ce fa. Mara lafiya yana da hakki a kanmu."

"Na sani. Lokacin da nawa ya fara, matan coci sun zo gaishe ni. Sun kawo abinci, sun yi addu'a, mutanen kirki ne. Amma sun jera a kujera suna kallo na. Ɗaya yana kallo, yana kau da kai, yana sake kallo. Da suka tafi na shiga ɗaki, wata guda ban fita kasuwa ba. Iya, ciwon yana da zafi, amma kallo ya fi shi. Shi ya sa babu hoto. Shi ya sa muna magana."

Na tsaya da leda a hannu, masu acaɓa suna ta yi mini hon. Na ce, "To yaya za a yi? Mu zuba ido idon mutum ya mutu?"

Ta ce, "Ka je gida. Ka sa waya a caji. Ka ji."

Na tafi gida, raina bai so ba. Na zauna a kan tabarma da wayar a cinya, ina so in ga yadda za a fito da mutum daga shago ba tare da an je ƙofarsa ba. Abin da na lura da shi na farko, ba wanda ya roƙe shi. Ba wanda ma ya ambaci Mai Keke. Maman Cidi ce ta fara, kamar hira take: "Ni gobe zan je asibiti da safe, magani na ɗigawa ya kusa ƙarewa." Can sai Uwar Biyu: "Ni ma ina da tambaya wajen Sista. Ina jin zan zauna a bencin nan na gefen taga, ya fi iska." Sai Baba Soja: "Ni dai ba ni da aikin yi gobe. Zan zo in ga ko tsofaffin Talata sun fi ni kyau." Wasu ma suka biyo baya, kowa da ɗan dalilinsa. Ni ce mai riƙe da katunansu, na san babu ko ɗaya da ke da ranar zuwa. Kuma na san abin da Talata take nufi a wurinsu, ranar da wurin ke cika da 'yan kallo, ranar da ko da kuɗi ba za su yarda su zo ba.

Ana gab da kiran magariba ya turo saƙo. Babu ƙarar keke a bayansa. Abin da ya ce kawai, "Allah ya kai mu." Na saurara na sake saurara, na kasa gane ko zai zo ne ko sallamarmu yake yi. Kankanar nan dai jikokina suka sha.

Da safe na gaya wa Sista. Ta ce in bar musu bencin gefen taga, kada in tambaye su kati. Ba duka suka zo ba, wasu da suka yi alkawari ban gan su ba, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka zo sun zauna a jere, kowa da tabaransa, ba wanda ya gaida wani. Uwar Biyu tana kusa da Maman Cidi, kafaɗa na gugar kafaɗa, matan da kullum sai sun yi hira a waya, amma kowacce tana kallon gabanta. Ni ina daga tebur ina ta satar kallonsu, abin yana ba ni dariya yana ba ni tausayi. Tsofaffin Talata kuwa sun cika wuri da surutu, 'yan rakiya suna leƙen bencin suna raɗa.

Hantsi ya yi, babu shi. Sista ta leƙo ta koma. Baba Soja ya fara kaɗa ƙafa, na san abin da yake marmari.

Sai ga shi a bakin baranda. Dogo, siriri, hula har gira, baƙin tabarau, da zare a manne a hannun rigarsa. Ya tsaya ya dubi taron nan, ya dubi bencin da ya cika da mutane, sai na ga ƙafarsa ta fara komawa baya. Katinsa na hannuna. Aikina shi ne in ɗaga murya in kira suna, abin da na fi iyawa ke nan a duniya. Amma wane suna? In na ce Malam Habu, na tona shi a gaban 'yan gurufin. In na ce Mai Keke, na tona shi a gaban kowa. Ya juya zai tafi.

Maman Cidi ba ta san fuskarsa ba, amma ta ga mai tabarau ya tsaya ya juya. Sai ta cire nata tabaran, a gaban tsofaffi da 'yan rakiya da kowa, ta riƙa fifita da shi, ta ɗaga murya kamar tana cikin kasuwa: "Kai, wannan wuri akwai zafi! Asibiti babba haka, fanka ɗaya ba ya aiki!"

Ya tsaya cak. Uwar Biyu ta juyo ta kalli ta kusa da ita, ta dafe baki, sai dariyar nan tata ta ƙwace. Baba Soja ya ce, "La'ilaha illallahu, ashe tun ɗazu da ku nake zaune!" Shi ma ya tuɓe nasa tabaran ya sa a aljihu.

Malam Habu ya tako a hankali har gaban bencin. Ya ce, "Madam, ke ce?"

"Ni ne. Zauna."

"Wallahi na ɗauka ƙatuwa ce ke."

"Murya ne ƙato. Baba Soja, matsa masa, ka cinye benci kai kaɗai."

Ya zauna a tsakanin Baba Soja da wani. Wata 'yar rakiya ta tsaya tana kallonsu baki buɗe. Uwar Biyu ta sauke tabaranta kan hanci ta ce mata, "Hajiya, sannu da zuwa, ya mai jiki?" Matar ta amsa a daburce ta nemi wuri. Na bari ya ɗan huta, sannan na je kusa da shi na rage murya na ce, "Malam, bismilla, Sista na jira."

Ya ɗago. "Iyan Asibiti ce?"

"Ni ce."

"Ke kin san ni tun jiya ke nan."

"Tun da ka yi sallama."

"Kuma ba ki zo ba."

Na ce, "Na so zuwa. Hana ni aka yi."

Ya ce, "Da kin zo, Iya, da ban zo ba." Ya tashi ya bi ni.

Sista ta auna ganinsa, ta nuna masa littafin nan mai ɗige-ɗigen launi, likita ya duba shi. A ranar aka ba shi gado, aka fara sa masa wani magani mai ƙarfi ta ƙarin ruwa don kumburin ya saki jijiyar. Daga baya aka tura shi gaba wajen manyan likitoci don sauran aiki. Idon dama bai taɓu ba. Na hagu ya dawo, ba duka ba, amma ya dawo yadda zai zura zare ya bambance launi. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Malam Habu yana kan kekensa har yau.

Kada ku ɗauka daga ranar suka zama masu ziyarar juna. Ko kusa. Dokokin Maman Cidi suna nan yadda suke, ba hoto, ba tambayar gida. Ni ma na daina neman a yi taro.

Abin da na ɗauka daga wannan, mu ma'aikatan asibiti, da ma mu mutanen garin nan gaba ɗaya, mun saba cewa taimako shi ne ka tashi ka isa wurin mutum. Galibi haka ne. Amma akwai wanda in ka matso shi zai ja baya, sai dai ka gyara masa wuri ka jira ya tako da ƙafarsa. Kuma masu ciwo iri ɗaya sun san wa juna abin da mu masu fararen kaya da masu tsintsiya ba mu sani ba, komai daɗewarmu a sashen. Muryar da mara lafiya ya saki a waya amana ce, in kunnenku ya gane ta, bakinku ya riƙe. In kuka ga mutum ya tsaya a bakin baranda yana shawara da ƙafarsa, kada ku ƙwala masa kira daga tebur.

Watan jiya wata budurwa ta zo, sabon kati, tabarau ya rufe mata rabin fuska, ta zauna can ƙarshen benci ta dunƙule. Ranar ta dace da ranar dawowar Malam Habu. Na tashi zan je in yi mata irin surutuna, sai na ga ya ɗan ɗaga mini hannu, na koma na zauna. Bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Yana fuskantar bango, kamar da bangon yake magana, na ji ya ce a hankali, "Baiwar Allah, kina da babbar waya?"